Wa Ya Faɗa Maka?

Mu na unguwar Liwan ba mu da yawa. Ɗan'uwa in ya sauka Guangzhou ta ƙasar Sin, wanda bakinmu ya mayar Gwanzu, Xiaobei yake dosa ko Sanyuanli, don can tuwo da miyar kuka suke, can ne kuma ba ka taku goma ba ka ji "sannu da aiki" ba. Mu kasuwa ce ta ja mu yammacin garin. Wasu na sarin tufafi a Shisanhang, wasu na sayen tsakiya da carbi da duwatsun wuya a wajen Liwan Plaza, wasu takalma. Da yake Hausawa ko su uku ne sai sun kafa majalisa, mu ma mun kafa tamu a bakin wani sito, cikin wani lungu da babur mai lantarki kaɗai ke iya ratsawa. Katan-katan ne kujerunmu. Benci guda ne, na Baba ne, shi da duk wanda ya ce wa "matso nan." Buta na kan ɗan murhun lantarki, ƙananan kofuna shida ne, mu kuwa wani daren mu kai goma sha biyar, don haka kofi zagayawa yake yi.

Lokacin zamanmu ne ya sa majalisar take da zafi. Tsakaninmu da gida awa 7 ne. In mun idar da Isha'i muka zauna, a ce ƙarfe 8 na dare, a Kano ƙarfe 1 na rana ke nan: Kantin Kwari ta cika maƙil, 'yan canji na Wapa sun faɗi farashin yini, mutanen Maraɗi sun ji abin da ake ciki a bakin iyaka. Sai wayoyi su ɗauki ƙara. Kowa da abin da aka turo masa, kowa kuma so yake ya riga kowa faɗa. Mutum ya yini yana fama da Sinanci da nuni da hannu da kalkuleta, bakinsa ya yi tsami, yana zuwa inda za a ji shi da Hausa sai ya sake ta gaba ɗaya, mai kyau da marar kyau. In babu mai tsare wannan zama, cikin mako guda za a daina gaisawa.

Baba ne mai tsarewa. Babu wanda ya naɗa shi. Mutumin Katsina ne, ya daɗe yana zuwa ƙasar nan tun ana ɗaukar kaya a jaka, siton nasa ne, butar ma tasa ce. Ba ya tsawa. Abin da yake da shi tambaya ce guda, duk mun haddace ta.

Wani dare wani yaro ɗan Fagge, zuwansa na biyu ke nan, ya faɗo mana ko sallama bai ƙarasa ba. "Kun ji? An ce daga wata mai zuwa an hana shigo da yadi da atamfa kwata-kwata. Duk mai kwantena a kan ruwa ya shiga uku!" Nan take wuri ya hargitse. Wani ya miƙe tsaye yana salati, wani ya fara neman lambar masana'antar da ya ba kuɗin gaba da rana, wai su dakata da ɗinki. Kada ka ga laifinsu. Wanda ya ga watan Maris na 2019, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da yadi samun dala ta banki, ya san irin wannan labari yakan zama gaskiya, kuma da rana tsaka yake sauka.

Baba na ɗaga buta sama yana tsiyaya shayi don ya yi kumfa. Bai ajiye ba sai da ya gama.

"Ɗana, zauna tukuna. Wa ya faɗa maka?"

"Baba, an ce ne..."

"Shi An-ce ɗin ɗan wace unguwa ne? Wa ya turo maka?"

"Abokina ne a Kwari."

"To, rana ce a can. Kira shi, mu ji shi wa ya faɗa masa."

Aka kira. Abokin ya ce shi ma turo masa aka yi, muryar wani ce da bai sani ba. Wani a cikinmu ya kira ejan ɗinsa da ke fitar masa da kaya a Legas, ya ce shi yana bakin tashar jiragen ruwa a lokacin, bai ga takarda ba, bai ji daga kwastan ba. Magana ta mutu a nan. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Yaron ya sunkuyar da kai, wasu har sun fara gyara murya za su yi masa ca, sai Baba ya miƙa masa kofin farko, wanda a al'ada na manya ne, ya ce, "Ka kyauta da ka kawo mana. Gobe ma in ka ji ka kawo, amma ka zo da shi da ubansa." Tun daga ranar muke kiran irin wannan labari marar uba. Yaron kuwa yanzu shi ne ke fara tambayar baƙi, "Yallaɓai, wa ya faɗa maka?"

Wanda bai yi fatauci ba zai ce mene ne abin tsanani a hira. Hirarmu kuɗi ce. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, har ta wuce 1,500 a kan dala ɗaya a farkon 2024, kalma guda a kan farashi tana iya sa mutum ya canza miliyoyi cikin gaggawa ya wayi gari da asara. Wannan ma da sauƙi, kuɗi na dawowa. Akwai wani bawan Allah mutumin Zariya da ke haɗa wa mutane kaya yana loda musu. Kwantenarsa ta makara, an sauke ta a wata tasha ana jiran wani jirgin. Wani ya zauna a wata majalisa ya ce ai ya ji mutumin ya cinye kuɗin jama'a, ba kwantena ba dalilinta. Kafin kwana uku maganar ta isa Kwari, ta isa gidan surukansa. Kaya suka iso lafiya, ko allura ba ta ɓata ba, amma sai da ya yi wata da watanni ba wanda ya ba shi ko katan ɗaya. Da aka tuhumi wanda ya fara faɗa, cewa ya yi, "Ni ma ji na yi." Na ga mutumin Zariyan nan a lokacin, ya rame, yana zaune a ƙarshen katan ba ya ɗaga ido. Duk sanda wani ya ce Baba ya cika takura, fuskar nan nake tunawa.

Kada a ɗauka gardama muke gudu. Wallahi muna sonta, ita ce gishirin zaman. Akwai wadda muka shafe dare uku muna yi, kuma har yau ina jin daɗinta. Ranar Juma'a yawancinmu masallacin Xianxian muke zuwa, can wajen lambun Yuexiu, inda Musulmin ƙasar nan suke da wani kabari da suke cewa na Sahabi Sa'adu bin Abi Waƙƙas ne. Wani Alhaji ya dawo yana murna ya ziyarci Sahabi. Malaminmu, wani ɗan Sakkwato mai sayen carbi, ya ce, "Alhaji, Allah Ya karɓa, amma littattafan tarihi sun nuna Sa'adu a Aƙiƙ ya rasu, kusa da Madina, aka ɗauko shi aka binne a Baƙi'a." Alhaji ya ce to su waɗanda suka gaji wurin nan kaka da kakanni fa, ƙarya suke? Malam ya ce bai ce ƙarya ba, Musulunci ya daɗe ƙwarai a garin nan, ga masallacin Huaisheng da tsohuwar hasumiyarsa shaida, fatake Larabawa da Farisawa sun zauna a nan tun zamanin daular Tang, kuma ba mamaki kabarin wani babban bawan Allah ne daga cikinsu. Aka ja, aka ja. Wannan ya kawo abin da ya karanta, wancan ya kawo abin da mai gadin wurin ya gaya masa ta bakin tafinta. Baba bai ce uffan ba, sai ƙara ruwa a buta. Ba wanda ya sauka daga kan ra'ayinsa, amma kowa ya tashi ya san abin da bai sani ba jiya, kuma su biyun tare suka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa Juma'ar da ta biyo.

Wadda ba ma bari ta yi nisa ita ce gardamar da ba ta da gaba, wadda kowa ya san abin da ɗayan zai faɗa tun bai buɗe baki ba. Kwankwasiyya da Gandujiyya. Sarki Sanusi da Sarki Aminu. Ƙabalu da sadalu. Madrid da Barcelona, wannan ma gara ita, dariya ake ƙarewa da ita. Ba a hana tayar da su, don ba za su hanu ba, jininmu ne. Amma akwai inda ake tsayawa, kuma kowa ya san wurin ko da ba a rubuta ba: ba a ambaton uwar mutum, ba a kafirta wanda aka yi sahu ɗaya da shi minti talatin da suka wuce, ba a gori da talauci ko asali, ba a kawo maganar iyalin wani. Da zarar murya ta bar magana ta koma kan mai magana, za ka ji Baba ya ƙwanƙwasa cokali a gefen buta. Sau biyu. In ya kai uku, to an ɓata masa.

Daren da na ga an kai uku shi ne farkon watan Agustan 2023. Sojoji sun kifar da Shugaba Bazoum na Nijar ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta sa takunkumi, an rufe iyaka, Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, ana ta maganar yaƙi. A majalisarmu akwai 'yan Maraɗi uku da Badamagare ɗaya, kuma kayansu na biyowa ta Kwatano ne ko ta Legas, duk hanya ta toshe. Wani Bakano ya yi suɓul da baka ya ce ai in ba don mu ba da duhu za su kwana. Ɗan Maraɗi ya miƙe jikinsa na rawa ya ce, "Mu da ku wa ke ciyar da wani? Shanun da kuke yankawa daga ina?" Aka fara "ku 'yan Nijar," "ku 'yan Najeriya," kalmomin da ban taɓa ji a bakin siton nan ba. Baba ya buga cokali har uku, sa'an nan ya ce da Bakanon, "Kakarka ta wajen uwa 'yar ina ce?" Ya yi shiru, don kowa ya san 'yar Tasawa ce, shi da kansa ya sha faɗa. Ya juya wajen ɗan Maraɗi: "Kai kuma kakanninka daga ina suka tashi suka kafa Maraɗi?" Ya ce, "Katsina, Baba." Baba ya ce, "To ni ne Katsinan, ku zauna." Sa'an nan ya kawo abin da ya kamata a yi magana a kai tun farko: kayan mutum huɗu na kan ruwa, ina za a sauke su, wa ke da sito a Kano ko Jibiya da zai riƙe musu amana har a buɗe iyaka? Kafin a tashi an samu mutum biyu, ɗaya daga cikinsu shi ne mai maganar wutar lantarkin.

Na sha tunanin abin da ya sa muke yarda mutum guda ya riƙe mana linzami haka, mu da kowa ke ji da kansa. Ina ganin abin a jinin fatauci yake. Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja neman goro ba sa tashi sai da madugu, kuma in rigima ta tashi a ayari ko tsakanin ayari da mutanen gari, shi ake nema. A zangon Kumasi da Sabo ta Ibadan maigida ne ke saukar da baƙo, ya tsaya masa, in baƙon ya yi ɓarna shi za a kama. Abin mamaki, unguwar nan da muke zaune ita ma a kan wannan tsari ta yi suna. Shisanhang da muke sarin riguna, ma'anar sunan kamfanoni goma sha uku. Daga 1757, zamanin Sarki Qianlong, har zuwa yarjejeniyar Nanjing ta 1842, nan ne kaɗai aka yarda Turawa masu zuwa ta teku su yi ciniki a ƙasar Sin, a wani ɗan fili a bakin kogi. Kowane jirgi sai ya sami attajiri ɗan ƙasa da zai tsaya masa, irin su Wu Bingjian da Turawa ke kira Howqua. In matuƙan jirgin suka yi faɗa a gari ko aka ƙi biyan haraji, wuyan attajirin hukuma ke riƙewa. Maigida ke nan, da wani harshe.

Har yau kuma haka ƙasar take tafiya. Majalisarmu tana da zaure a WeChat, don a sanar da zuwan kaya da rasuwa da lokacin Idi, kuma tun watan Oktoban 2017 dokar ƙasar nan ta ce wanda ya buɗe irin wannan zaure shi ke da alhakin abin da ake faɗa a ciki. Yaɗa jita-jita a nan laifi ne da ake tsare mutum kwanaki a kansa. Mu baƙi ne, bizarmu a hannun mutane take. Saboda haka in Baba ya ce a goge wani abu, ba a tsayawa musu, a goge, in da magana a zo bakin sito a yi ta ido da ido.

Amfanin tambayar nan tasa bai taɓa fitowa fili kamar watan Afrilun 2020 ba. Waɗanda suke garin nan a lokacin ba za su manta ba. Ana tsakiyar annobar korona aka fara fitar da baƙar fata daga gidajen haya da otal-otal, aka tilasta gwaji da killacewa, mutane suka kwana a titi da jakunkunansu. Abin ya faru, ba ƙarya ba ne, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya zaunar da jakadan Sin Zhou Pingjian a Abuja ya nuna masa bidiyo. Amma a cikin kwanakin nan gaskiya da ƙarya tare suke yawo. A turo hoton wani gari a ce nan ne, a turo tsohon bidiyo a ce na jiya ne, iyaye a gida su kasa barci. Ba mu iya haɗuwa, sai ta waya, Baba kuwa tambayarsa ba ta canza ba: wane titi, wace rana, wa ya gani da idonsa, mutum nawa, suna ina yanzu? Wasu suka ji haushi, suka ce ana cin mutuncinmu shi yana tambayar sunan titi. Amma da wannan tambaya aka gano su wa ke waje da gaske, aka kai musu abinci, aka samar wa wasu wurin kwana, kuma ƙorafin da aka miƙa wa shugabannin al'umma ya tafi da suna da wuri da rana, ba wanda zai ce shaci-faɗi ne.

Dabarunsa na yau da kullum ba su da yawa. Mai dogon surutu a miƙa masa kofi, dole ya yi shiru ya kurɓa, kafin ya ajiye an ba wani dama. Yaron da ya fara zafi a aike shi sayo burodi wajen Musulmin Lanzhou masu taliya, kafin ya dawo ya huce. Wanda ya yi ba daidai ba, ba a yi masa a gaban mutane. Baba zai ce, "Raka ni bakin titi," su dawo kamar ba a yi ba. Kora kuwa sau ɗaya na gani a duk zamana, shi ma sai da aka yi wa mutumin magana ya fi a ƙirga, ya ci gaba da ɗaukar hirar majalisa yana kai wa abokan cinikin mutane. Tsofaffin gidajen unguwar nan, waɗanda ake kira gidajen Xiguan, suna da ƙofa uku a jere: ƙaramin ƙyaure iya ƙirji, sai wata ta sanduna da aka jera a kwance kamar tsani, ana tura ta gefe, sai babban ƙyaure mai nauyi. Saboda zafi da gumin garin, da rana ta sandunan kawai ake ja, iska na shiga, ana ganin juna ana gaisawa, amma ba a faɗawa ciki kai tsaye. Duk sanda na bi ta titin Enning na ga irinta, majalisar Baba nake tunawa. Babban ƙyauren yana nan, ba a cika rufe shi ba ne.

To amma akwai inda muke kasawa, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, don yabon kai kaɗai ba zai gyara mu ba. Tambayar "wa ya faɗa maka" yara muke yi wa. Mai kuɗi ba ma yi masa.

Akwai wani Alhaji da ke zuwa duk lokacin baje kolin Canton, Afrilu da Oktoba. Mutum ne mai kyauta, in ya zo kowa ya ci nama, kuma rabin majalisar ko dai suna loda masa kaya ko suna fatan su loda. In ya fara magana sai ya yi awa guda, ya faɗi na gani da na ji da na zato duk da murya ɗaya, ba mai buga masa cokali. Wani dare ya ce wa wasu sababbin zuwa su biyu, da suka sauka a ɗakin ɗan'uwansu, ba sai sun je wajen 'yan sanda rajista ba, tunda bizarsu na da rai. A cikinmu akwai wani saurayi ɗan Zariya da ya yi karatu a ƙasar nan, yana jin Sinanci kamar Hausa, shi ke mana tafinta, shi ke karanta mana duk takardar da ta gagare mu. Cikin ladabi ya ce, "Alhaji, a gafarce ni, dokar ta ce baƙon da bai sauka a otal ba sai ya yi rajistar masauki cikin awa 24, in ba haka ba ana iya cin sa tara har yuwan 2,000, kuma yana iya ba shi matsala wajen sabunta biza." Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai yaushe aka haife ka? Ina zuwa ƙasar nan kana tsumma. Ɗan boko da an ba shi takarda sai ya ɗauka ya fi ubansa."

Aka yi dariya. Cokali bai yi ƙara ba. Ni ma ina wurin, na san yaron ne da gaskiya, don ni da kaina na sha yin wannan rajistar, amma na dubi ƙasa, saboda ina da katan arba'in a kwantenar Alhaji. Har yau abin na ci mini rai.

Saurayin bai ce komai ba. Ya shanye shayinsa, ya yi sallama. Washegari bai zo ba, jibi bai zo ba. Ba wanda ya kore shi, kuma haka masu hankali suke barin majalisa, ba sa faɗa, ƙafa kawai suke ɗaukewa. Sai ka waiga wata rana ka ga saura masu ƙarfin murya. Muna ta tsaron kada a zagi wani, kada a kawo ƙanzon kurege, amma ba mu lura da wanda ya yi shiru ya tafi ba, alhali saboda irinsa ake zaman. Cikin mako biyu aka kawo takarda daga mai gidan siton, duk Sinanci, muka yi ta juya ta a hannu muna haska ta da waya, fassarar na fitowa bai-bai.

Na sami Baba da safe yana shara, na ce, "Baba, ina da magana, in ka ba ni izini." Ya ce in faɗa. Na ce, "Ranar nan an zalunci yaron nan a gabanmu, kuma ba ka buga cokali ba. Ni ma ban yi magana ba." Ya daɗe yana riƙe da tsintsiya. Ya ce, "Na sani. Alhaji sa'ana ne, baƙona ne kuma, na ji nauyinsa. Ban kyauta ba." Ban taɓa jin dattijo ya faɗi haka ga na ƙasa da shi ba, kuma daga ranar girmansa ya ƙaru a idona.

Da daddare Alhaji ya zo, aka ci aka sha, ya fara wani sabon labari, wai an ce za a daina karɓar dala a duk kasuwannin garin nan. Baba ya tsiyaya shayi, ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce, "Alhaji, Allah Ya ƙara girma, wa ya faɗa maka?" Wuri ya yi tsit, har ƙarar firjin maƙwabta ana ji. Alhaji ya buɗe baki, ya rufe, ya ce a jirgi ya ji. Baba ya ce, "To mu bar shi a jirgin har ya sauko. Sa'an nan maganar rajista ta ranar nan, yaron nan ne da gaskiya. Na sa an kai baƙin sun yi." Alhaji ya yi jim, fuskarsa ta canza, muka zaci zai tashi. Bai tashi ba. Ya kurɓi shayi ya ce, "To, Allah Ya sa mu dace. Ina yaron yake?"

Ni aka aika. Na haye kogi zuwa Fangcun, kasuwar ganyen shayi, na sayi rabin kilo na koren ganye irin wanda yake so, na same shi a ɗakinsa yana cika wa wani takardun kaya. Na ba shi saƙon Baba da na Alhaji, na ba shi haƙuri a kan nawa shirun. Ya ce ba komai, amma bai ce zai zo ba. Sai da aka kwana huɗu, muna zaune ana musu a kan ko damina ta sauka a Katsina, muka ji sallamarsa daga bakin lungu. Baba ya janye jakar da ke gefensa a kan benci, ya ce, "Malam, matso nan. Ga wata takarda tana jiranka."